Gidauniya Ta Koma Cikin Waya: Yadda Ƙungiyoyin Agaji Na Abuja Ke Neman Kuɗi

ABUJA — A shekarun farko na dawowar gwamnatin tarayya daga Legas zuwa Abuja, watau daga ran 12 ga watan Disamba na 1991, duk ƙungiyar da ta ƙuduri gina makaranta ko ɗakin shan magani ko gidan marayu hanya guda ta sani. Sai ta kama zaure a otal ɗin Nicon Noga Hilton ko a Cibiyar Taron Ƙasa da Ƙasa, ta buga katin gayyata, ta nemi uban taro da babban mai ƙaddamarwa, sa'an nan ta duƙufa addu'ar Allah Ya kawo mata irin su marigayi Cif M.K.O. Abiola ko marigayi Alhaji Aminu Ɗantata. Sanƙira ya riƙa shelar abin da kowa ya bayar, jama'a na tafi. Kashegari kuma a shiga aikin da ya fi na jiya wuya, watau bin waɗanda suka yi alkawari a bainar jama'a ofis-ofis, domin ba kowane cek da aka miƙa a gaban 'yan jarida ne banki ke biya ba.

Yau, bayan shekaru fiye da 30, zauren bai mutu ba, amma an yi masa kishiya, kuma kishiyar ita ce wayar hannu. Jami'in ƙungiya zai ɗauki hoton rijiyar da ta rufta, ko ajin da iska ta yaye wa rufi, ya rubuta layi biyar, ya liƙa lambar asusun banki a ƙasa, ya saki a Facebook da WhatsApp da Instagram da X, wanda a da ake kira Twitter. Kafin a kira sallar la'asar saƙon banki ya fara shigowa: wannan N500, wancan N2,000, wani daga Jidda ko Landan N50,000. Babu kuɗin zaure, babu na abinci, babu na makaɗa, kuma babu alkawari. Abin da ya shigo ya shigo.

Da can wannan hanya ta ƙananan ƙungiyoyi ce. Manyan, masu ofisoshi a Maitama da Asokoro da Wuse da Jabi, ba su cika waiwayarta ba, saboda abincinsu daga ƙetare yake zuwa, kuma gwanintarsu ta rubuta takardar neman tallafi ce zuwa ga ofisoshin jakadanci da hukumomin raya ƙasashe, ba ta lallashin talaka ya ba da N1,000 ba. Wannan zama ya ƙare ran 20 ga watan Janairu na 2025, sa'ad da Shugaba Donald Trump na Amurka ya sa hannu kan umurnin dakatar da taimakon da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje na tsawon kwana 90. A watan Maris Sakataren Harkokin Wajen Amurka, Marco Rubio, ya ba da sanarwar soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, ran 1 ga watan Yuli kuma aka rufe hukumar. Taimakon da Amurka ta bai wa Nijeriya a 2023 ya kai kimanin Dala biliyan 1, mafi yawansa a fannin lafiya da agajin gaggawa. Ita ma Birtaniya ta sanar a watan Fabrairu na 2025 cewa za ta rage nata taimakon daga kashi 0.5 zuwa kashi 0.3 cikin 100 na arzikin da take samu a shekara kafin 2027. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta cusa Dala miliyan 200 cikin kasafin kuɗin 2025 domin toshe giɓin da aka bari a fannin lafiya, amma wannan kuɗi na gwamnati ne, ba na ƙungiyoyi ba. Saboda haka waɗanda jiya suke raina lambar asusu a ƙarƙashin hoto, yau su ne ke neman matasan da suka iya haɗa bidiyo.

A bisa takarda dai lissafin yana da daɗin ji. Rahoton da gidauniyar Charities Aid Foundation ta Birtaniya ta fitar a 2025, bayan ta ji ta bakin mutane a ƙasashe 101, ya sanya 'yan Nijeriya a kan gaba wajen kyauta a duniya, inda ya ce suna bayar da kashi 2.83 cikin 100 na abin da suke samu. Bututun da kuɗin za su bi shi ma an riga an shimfiɗa shi. Kamfanin NIBSS, wanda ke daidaita hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, ya fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011. A 2023 kuɗin da suka bi ta wannan hanya sun kai kimanin Naira tiriliyan 600, a 2024 kuma suka haura Naira tiriliyan 1,000. Ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon 2023 ya koya wa mai shayi da mai kayan miya karɓar kuɗi ta waya, ya kuma cika aljihun jama'a da asusun OPay da Moniepoint da PalmPay. Ga masu kyauta, ga hanya. Sai a ɗauka abin da ya rage shi ne a miƙa ƙoƙo.

To amma wancan adadi na kashi 2.83 ya haɗa har da abin da mutum ya ba almajiri a bakin titi, da abin da ya jefa a asusun masallaci ko coci, da wanda ya tura wa maƙwabcin da matarsa ke asibiti. Ɗan Nijeriya mai kyauta ne, amma hannu da hannu ya saba bayarwa, ga wanda ya gani ko wanda aka ba shi labarinsa. Kafofin sada zumunta ba su canja wannan hali ba, faɗaɗa shi suka yi. Shi ya sa waɗanda suka fi cin moriyar hanyar su ne masu aikin da ya yi kama da sadakar gargajiya. A Kano, marubuciya Fauziyya D. Sulaiman ta shafe shekaru tana ɗora labarin marasa lafiya da marayu a shafinta na Facebook, jama'a na turo gudummawa ta hannun gidauniyarta, ita kuma tana komowa da bayanin inda aka kai kuɗin, har gwamnatin jihar ta ba ta muƙamin mai taimaka wa gwamna kan sha'anin mabuƙata a 2023. A Abuja, watan Ramadan shi ne kakar wannan kasuwa. Ƙungiyoyi irin su Al-Habibiyyah, mai masallaci a Guzape, wadda ta daɗe tana ciyar da masu azumi, suna da abin da mai bayarwa zai gani da idonsa kowace yamma, kuma nisabin zakka yanzu a zaurukan WhatsApp yake yawo, sau da yawa da lambar asusun wata gidauniya a ƙarƙashinsa. Haka kuma sansanonin 'yan gudun hijira na Durumi da New Kuchingoro da Wassa, inda da yawan mazaunansu mutanen Gwoza ne da rikicin Boko Haram ya koro daga Jihar Borno, rayuwarsu ta rataya ƙwarai a kan irin wannan taimako na ɗaiɗaikun jama'a da majami'u da masallatai.

Akwai kuma masu ƙoƙarin mayar da sadakar lokaci ɗaya ta zama ta kullum. A Kuje akwai makarantar sakandaren Knosk, wadda aka buɗe a 2019 domin 'ya'yan marasa ƙarfi, inda iyaye ke biyan N100 a rana, ragowar kuɗin karatun kuwa daga masu ɗaukar nauyin ɗalibai yake fitowa, waɗanda ake nemowa ta intanet. Dabarar a nan ita ce an daddatsa babban nauyi an mai da shi ƙanana, an kuma ba kowane mai bayarwa abin da zai riƙa bibiya zango bayan zango. Wanda ya ɗauki nauyin yaro a aji ɗaya, da wuya ya sake shi a aji biyu.

Kuɗin waje kuwa, waɗanda su ne kowa ke hanƙoro tun da aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, har Dala ta tashi daga kimanin N460 ta haura N1,500 a 2024, hanyarsu ba miƙaƙƙiya ba ce. Shafin GoFundMe, wanda ya fi kowanne suna a duniya, ba ya biyan kuɗi cikin asusun bankin Nijeriya. Dole ƙungiya ta nemi wani amintacce a Amurka ko Ingila ko Kanada ya buɗe da sunansa, ya karɓa, sa'an nan ya turo, kuma ba sai an faɗa ba, a nan ne zumunci da yawa ya lalace. Shafin GlobalGiving na birnin Washington, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Bankin Duniya biyu suka kafa a 2002, yana karɓar ƙungiyoyin Nijeriya, amma sai ya tantance takardunsu, kuma yana cire lada. Musulmi da dama sun fi karkata ga LaunchGood, wanda aka kafa a Detroit a 2013. A gida, kamfanonin Paystack da Flutterwave suna ba ƙungiya damar karɓar kuɗi da kati a shafinta. Paystack na cire kimanin kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin N100 a kan katin gida, da kusan kashi 4 a kan na waje. 'Yan Nijeriya mazauna ƙetare suna turo kimanin Dala biliyan 20 gida kowace shekara, amma kusan dukkansu na cefane ne da kuɗin makaranta da ginin gida, ƙungiyoyi ɓarɓashi suke tsinta.

Domin a san iyakar abin da wannan hanya ke iya kawowa, ya kamata a dubi tara kuɗi mafi shahara da aka taɓa yi ta intanet a ƙasar nan. A watan Oktoba na 2020, lokacin zanga-zangar neman rushe rundunar 'yan sanda ta SARS, wata ƙungiyar mata matasa mai suna Feminist Coalition ta buɗe asusu domin abinci da magani da lauyoyin masu zanga-zanga a Legas da Abuja da sauran garuruwa. Idon duniya duka yana kan Nijeriya, har shugaban kamfanin Twitter na lokacin, Jack Dorsey, ya yi kira da a ba da gudummawa. Ran 22 ga watan, da ƙungiyar ta rufe karɓa, abin da ya taru ya kai Naira miliyan 147.8. A farashin hukuma na lokacin wannan bai kai Dala 400,000 ba. Watau da za a maimaita irin wannan gagarumin taro sau 2,500, sa'an nan ne za a kamo abin da Amurka kaɗai ta bayar a shekara guda. Duk mai tsammanin wayar hannu za ta maye gurbin USAID, to bai zauna da alƙalami ba.

Ba yawan kuɗin ne kaɗai matsala ba, har da irinsu. Tallafin hukumomin ƙetare, duk da tarin sharuɗɗansa, yakan zo na shekara uku ko biyar, kuma yana ɗauke da albashin ma'aikata da kuɗin haya da na mai binciken lissafi. Gudummawar intanet kuwa ta yau ce, kuma ta abin da ake gani ce. Kowa yana so a ce shi ya sayi buhun shinkafa. Babu mai son a ce shi ya zuba man motar da ta kai buhun Wassa, balle albashin akawun da ya rubuta shi a littafi. Alal misali, ƙungiyar da ke kashe Naira miliyan 5 a wata wajen gudanarwa, in gudummawar kowane mutum N2,000 ce, tana bukatar mutum 2,500 da za su bayar wannan wata, su sake bayarwa wata mai zuwa, ba tare da an nuna masu hoton kowa ba. Wannan kuwa a lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024, kuma Hukumar Sadarwa ta NCC ta amince a watan Janairu na 2025 a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ayyukan da ba su da fuska, kamar horar da ungozoma, ko ajiye alluran riga-kafi cikin sanyi, ko kai ƙarar wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, su ne suka fi shan wuya, ko da yake sau da yawa su ne suka fi amfani.

Wannan yunwar fuska tana da nata farashin, kuma mabuƙaci ne ke biya. Hoton yaro mai ƙari a wuya ya fi jadawalin lissafi kawo kuɗi, kowane jami'in ƙungiya ya san haka. Amma hoton ba ya gogewa bayan an sallami yaron daga asibiti. Zai girma ya tarar da shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanin lafiyar mutum cikin abubuwan da ba a yaɗawa sai da hujja ko yardar mai shi, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 kuma tana aiki a Babban Birnin Tarayya. Sai dai yardar uwar da aka ce mata kuɗin tiyata ya rataya a kan hoton ɗanta, kowa ya san irin yardar da ce.

Babban abin da masana tattalin arziki za su fi lura da shi a nan shi ne abin da ke faruwa idan kuɗin roƙo ya faɗi ƙasa warwas. A zamanin zaure, tsadar taron kanta shinge ce: ɗan damfara ba zai iya kawo sarki da minista su zauna a teburinsa cikin sauƙi ba. Yanzu da ɗari biyar ta data kowa zai iya zama gidauniya. A 1970 wani masani ɗan Amurka, George Akerlof, wanda daga baya ya sami lambar Nobel a 2001, ya yi bayanin yadda kasuwar tsofaffin motoci ke lalacewa idan mai saye ba ya iya bambanta mai lafiya da mai ciwo: sai ya riƙa taya kowace mota da farashin mai ciwo, masu motocin kirki su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Duk wanda ya taɓa zuwa sayen mota 'yar Kwatano ya san zancen ba sai an karanta masa ba. Haka kasuwar taimako take. Kowane hoton ƙarya da aka kama, ba maƙaryacin kaɗai yake yi wa illa ba; yana rage abin da mai gaskiya zai samu gobe.

Kuma zargi kaɗai ya isa, ko da babu laifi. A 2016 an tara miliyoyin Naira ta intanet domin wata matashiya mai ciwon daji a Legas. Kwatsam sai aka yaɗa cewa damfara ce, aka tsayar da asusun, 'yan sanda suka shiga bincike. Binciken bai sami iyalinta da laifi ba, yarinyar kuwa ta rasu a wani asibiti a Afirka ta Kudu cikin watan Agusta na shekarar. A Abuja kuma, wani matashi da ya yi suna a kafofin sada zumunta, Martins Vincent Otse, wanda aka fi sani da VeryDarkMan, ya kafa ƙungiyar tallafa wa makarantu a watan Oktoba na 2024, cikin ɗan lokaci kuɗi suka taru, har mawaƙin nan Don Jazzy shi kaɗai ya ba da Naira miliyan 100. A ƙarshen Disamba sai ya fito ya ce masu kutse sun kwashe Naira miliyan 180 daga asusun. Bayan ƙasa ta ɗauka, ya komo ya ce ba a saci ko kwabo ba, ya shirya zancen ne domin ya gwada yadda mutane ke gaskata duk abin da suka ji. Ko mene ne nufinsa, labarin ya nuna abu biyu: mutum guda mai mabiya yana iya tara abin da ƙungiya mai shekara 20 da rajista ba za ta tara ba, kuma amanar da aka gina a kan mutum guda tana rawa duk ranar da ya yi wasa da ita.

Waɗanda suka fahimci haka tun da wuri sun bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Feminist Coalition ta riƙa buga lissafinta kowace rana, abin da ya shigo da abin da ya fita da inda ya tafi, kuma ana iya cewa wannan ne ya sa kuɗin suka ci gaba da zuwa. 'Yan fafutukar Bring Back Our Girls kuwa, waɗanda suka fara zama a dandalin Unity Fountain na Abuja ran 30 ga watan Afrilu na 2014 bayan sace 'yan matan Chibok 276, sun zaɓi kada su karɓi gudummawar kowa daga waje, membobi su riƙa ɗaukar nauyin kansu. Sunansu ya zagaya duniya, da sun miƙa ƙoƙo da ya cika, amma da sun ba masu neman ɓata su sanda.

Sa'an nan akwai batun wanda ke riƙe da makunnin famfo. Ana tsakiyar zanga-zangar 2020 hanyar karɓar kuɗin Feminist Coalition ta Flutterwave ta daina aiki, dole ƙungiyar ta koma karɓar Bitcoin. Ran 4 ga watan Nuwamba Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, bisa roƙon Babban Bankin Nijeriya, ta ba da umurnin rufe asusu 20 na waɗanda ake dangantawa da zanga-zangar, ba a buɗe su ba sai a watan Fabrairu na 2021. A cikin wannan watan ne kuma Babban Bankin ya hana bankuna hulɗa da masu cinikin kuɗin intanet irin su Bitcoin, hanin da bai janye ba sai a watan Disamba na 2023. Daga ran 5 ga watan Yuni na 2021 zuwa ran 13 ga watan Janairu na 2022 gwamnatin tarayya ta toshe Twitter baki ɗaya. Ƙungiyar da ta tara dukkan masu taimaka mata a dandali guda, ba ta da lambar wayarsu ko adireshinsu a littafinta, ranar da aka rufe dandalin ta koma kamar ɗan kasuwar da aka rushe wa rumfa da littafin bashinsa a ciki.

Wani lokacin ma abin da jama'a ke tara wa kuɗi shi ne ke tayar da hankalin hukuma. A farkon watan Janairu na 2024 'yan bindiga sun sace wani magidanci da 'ya'yansa mata a ƙaramar hukumar Bwari, suka sake shi ya nemo Naira miliyan 60. Aka shiga tara kuɗi a X. Da wa'adi ya cika suka kashe ɗaya daga cikin 'yan matan, abin da ya girgiza ƙasa, har tsohon Ministan Sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, ya bayyana cewa wani abokinsa ya ɗauki nauyin Naira miliyan 50. Ministan Tsaro na lokacin, Alhaji Mohammed Badaru Abubakar, ya gargaɗi jama'a su daina tara kuɗin fansa a bainar jama'a, bisa hujjar cewa hakan na ƙara wa ɓarayin kwaɗayi. Ta fuskar lissafi gaskiya ya faɗa, domin ɓarayin ma suna da waya, suna kallon adadin yana hawa. Amma babu uban da za a karanta wa wannan lissafi ya saurara.

Abin mamaki, wani aiki da ya kawo maƙudan kuɗi ta kafofin sada zumunta daga Abuja bai roƙi jama'a ko sisi ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga haƙar zinariya tana kashe yara a Jihar Zamfara, inda aƙalla 400 suka mutu. A watan Mayu na 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 domin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, musamman a ƙauyen Bagega na ƙaramar hukumar Anka, inda likitoci suka ce ba za su iya fara jinyar yara ba sai an tsabtace gidajensu. Watanni suka shuɗe kuɗi ba su fito ba. Wasu matasa a Abuja, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa shirin Follow The Money, watau bin sawun kuɗi, wanda ke ƙarƙashin ƙungiyar Connected Development, suka haɗa kai da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, suka cika Twitter da shafin Facebook na Shugaba Goodluck Jonathan da tambaya guda: ina kuɗin Bagega? A ƙarshen watan Janairu na 2013 aka saki kuɗin, aka fara aiki. Naira miliyan 850 ta ninka abin da Feminist Coalition ta tara kusan sau shida, kuma a lokacin Naira ta fi daraja. Ga ƙungiyoyin da tallafin ƙetare ya yanke wa, wannan darasi ya fi na roƙo nauyi, ko da yake ba zai biya masu kuɗin haya ba.

Ta fuskar doka, ƙungiyar da ta yi rajista ba ta rasa masu sa mata ido ba, kuma dukkansu a Abuja suke. Dokar kamfanoni ta CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ran 7 ga watan Agusta na 2020, ta wajabta wa amintattun kowace ƙungiya su riƙa kai bayanin harkokinsu ga Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC sau biyu a shekara, sashe na 839 kuma ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu, abin da Ƙungiyar Kiristoci ta CAN da wasu da dama suka yi tir da shi. Akwai kuma sashen SCUML na hukumar EFCC, mai yaƙi da halatta kuɗin haram, wanda bankuna suka saba neman takardar shaidarsa kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Matsin ya ƙaru bayan hukumar FATF ta duniya ta sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a watan Fabrairu na 2023, kafin ta cire ta a watan Oktoba na 2025.

Wanda bai yi rajista ba kuwa, ya liƙa lambar asusun kansa a ƙarƙashin hoton majiyyaci, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafe shi. Ƙa'idojin tara kuɗi daga jama'a da Hukumar Kula da Hannayen Jari ta SEC ta fitar a watan Janairu na 2021 sun tsaya ne a kan masu neman jari, ba su taɓa masu neman sadaka ba. Ƙudurin kafa hukumar kula da ƙungiyoyi masu zaman kansu, wanda marigayi Umar Buba Jibril ya gabatar a Majalisar Wakilai a 2016, ya sha suka a zaman jin ra'ayin jama'a na watan Disamba na 2017, saboda ƙungiyoyin sun ga takunkumi ne ake shirin sa masu, daga nan kuma bai sake motsi ba. Abin da ya rage wa wanda aka yaudara shi ne dokar zamba ta 2006 da dokar laifuffukan intanet ta 2015, waɗanda ba su fara aiki sai kuɗi sun riga sun fita, kuma sai an sami wanda zai bar aikinsa ya tafi ofishin 'yan sanda saboda N2,000.